Randar Kakata da Ruwan Sanaga

A watan Agustan 2024, da aka sanar cewa ruwan kogin Sanaga ya fara shigowa Yawunde, na buɗe layin waya a shirina na safe don jin ta bakin masu sauraro. Maza suka yi ta kira suna murna. Can sai wata dattijuwa daga unguwarmu ta Briqueterie ta ce ita kam ba za ta zubar da ruwan randarta don ganin hadari ba. Muka yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida, domin irin ta kakata ce, Allah ya jiƙanta.

A ƙarshen ƙarni na 19, bayan Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde, fatake Hausawa suka riƙa gangarowa ta Tibati da Yoko suna neman hauren giwa. Wasu suka zauna. An sha tayar da su daga wuri zuwa wuri yayin da gari yake buɗewa, har a shekarun 1930, zamanin Faransawa, aka tsugunar da su a Ekoudou, kusa da tsohuwar masana'antar bulo wadda unguwar ta ci sunanta.

Mutanen da suka saba da rani mai wata bakwai sai ga su a garin da yake da damina biyu a shekara, inda ruwan sama yakan kai milimita 1,500, ninki biyu na abin da Katsina take samu. Duk da haka ba su yar da halinsu ba. Kakata, wadda mahaifinta ya zo daga ƙasar Katsina, takan kasa ruwa gida uku. Na randa na sha ne da girki, kuma moɗa ɗaya ce take shiga cikinsa. Na rijiya na wanki ne da wanka, don rijiyoyin kwari sun yi kusa da masai. Wanda aka ɗauraye kaya da shi kuwa a wanke tsakar gida. In ta ga na cika buta zan yi alwala ina fesawa, sai ta ce, "Maigida, ashe kai ka haƙa rijiyar?" Daga nan ta tuna mini cewa da mudu ɗaya Manzon Allah (SAW) yake alwala.

Iyayenmu su suka ga zamanin famfo. An kafa kamfanin ruwa na ƙasa, SNEC, a 1967, sannan a 1985 aka buɗe matatar Akomnyada a bakin kogin Nyong, kusa da Mbalmayo, mai ba da lita miliyan 100 a rana. Randa ta koma lungu a gidaje da yawa. Sai dai gari ya fi bututu sauri. Ƙidayar 1976 ta samu mutum dubu 313 da ɗoriya a Yawunde, ta 1987 ta samu kusan dubu 650, ta 2005 kuwa ta haura miliyan 1.8. Mu da muka tashi a wannan tsakanin mun san tashin asuba da jarka a hannu, mun san kasa kunne ko famfo zai yi tari.

Shekarun nan ne suka nuna mini cewa ko a gida ɗaya ba kowa ne yake tattalin ruwa ba. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce a ka. Mata da yara su suke ɗaukowa, saboda haka su suka san lissafinsa. Ƙanwata takan wanke kwanonin gida duka da rabin bokiti, ni da yayyena kuwa kowa bokiti guda yake shiga wanka da shi, don ba wuyanmu ne ya ɗauko ba.

Yawan mutanen gida ma yana da nasa tasiri. Briqueterie unguwar haya ce, za ka tarar da iyali takwas ko goma a kan mita ɗaya. Inda ake raba kuɗin ruwa daidai wa daida, kowa yakan saki hannu, tunda ɓarnarsa a kan kowa za ta faɗa. Inda mai gida ya sa kwado a famfo yana sayarwa bokiti-bokiti, ko ɗigo ba ya zuba ƙasa. Na kuma lura da baƙin da suke zuwa daga Marwa, Kuseri ko Maraɗi: a shekarar farko sun fi mu 'yan gari riƙon ruwa, sannan a hankali su ɗauki halinmu.

Yanzu matatar Batchenga an gina ta ne don ta ba da lita miliyan 300 a rana daga Sanaga. Alheri ne babba, musamman ga 'yan matan da layin ruwa yake sa su makara a makaranta. Amma a 1985 ma an yi irin wannan murnar, kuma kullum motocin arewa suna sauke sababbin baƙi. Yaron da zai tashi bai taɓa ɗora jarka a kansa ba, wa zai gaya masa nauyinta?

Randar kakata tana nan a ɗakin mahaifiyata, bakinta ya ɗan ɓalle. Ran Juma'ar da ta wuce na ga ɗana ya buɗe famfo yana alwala, ruwa yana ta kwarara cikin kwata. Na rufe, na zuba masa rabin buta na miƙa masa. Ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ai ba zai isa ba." Na ce ya gwada. Da ya gama wanke ƙafa ya girgiza butar, akwai saura.