Daga Sakkwato zuwa Jidda: yadda tafiyar shekaru ta koma ta awoyi

Idan aka ja layi mafi gajarta a kan doron ƙasa daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato zuwa Jidda, nisan ya kai kimanin kilomita 3,700. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa zai cinye shi cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. To amma kakanninmu fa, yaya suka yi?

Su ta ƙasa suke bi: Kano, Borno, Wadai, Darfur, har su isa Sawakin, tsohon garin da aka gina kan tsibiri a gaɓar Bahar Maliya. Daga nan jirgin ruwa ke tsallakar da su. A lissafi, mai tafiyar kilomita 30 a yini zai yi wata huɗu zuwa biyar. A zahiri kuwa, mutane da yawa shekaru suke yi, saboda guzuri kan ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago kafin a ci gaba. Wasu ma ba su dawo ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a Yulin shekarar. Ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa Sudan da jama'arsa, kuma garin da suka kafa yana nan da sunansa har yau.

Abin sha'awa shi ne, jiragen sama na farko ma wannan hanyar suka biyo. A Nuwamba 1925 jiragen sojan Birtaniya uku suka sauka Kano daga Masar. Da yake ba sa iya dogon zango, sai da suka riƙa yada zango a Sudan da Chadi suna shan mai. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartoum da Kano. Zuwan jirage masu injin jet ne ya sa aka daina tsaye-tsayen nan.

Sai dai nisa kaɗai ba shi ne ke yanke tsawon tafiya ba. Iska na iya tura jirgi ko ta danne shi, shi ya sa zuwa da dawowa ba sa zama daidai. Agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa biyu, don haka wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe ya yi awa biyar, ƙarfe 5 na yamma zai tarar a can. Ga kuma siyasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazanmu suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru. Wato dai Sudan, wadda ta kasance zangon mahajjatan ƙafa, har gobe ita ce a tsakiyar hanyarmu ta zuwa Makka.