Yadda 'Yan Sa-kai Suka Tayar da Tarago Mai Lamba 21 a Fort Collins

A garin Fort Collins da ke arewacin jihar Kolorado ta Amurka akwai wani ɗan taragon lantarki da ya haura shekara 100, kuma har yau yana ɗaukar fasinja a tsakiyar titi. Ƙungiyar da ke kula da shi, Fort Collins Municipal Railway Society, ta 'yan sa-kai ce zalla, kuma tarihinta ba ya rabuwa da na irin taragon nan da ake kira Birney.

Injiniya Charles Birney da abokin aikinsa Joseph Bosenbury ne suka fito da fasalinsa wajen 1915, lokacin da kamfanonin tarago ke kukan tsadar ma'aikata, ga motocin haya suna ƙwace musu fasinja. Sai suka ƙera ɗan tarago mara nauyi, mai ƙafa huɗu, mai zaman mutum kamar 30, wanda mutum ɗaya ke tafiyar da shi: shi ne direba, shi ne kwandasta. Hikimar tana wajen hannun tuƙi. Da zarar direba ya sake shi, ko don suma ko don gyangyaɗi, sai wuta ta yanke, burki ya kama, yashi ya zubo kan dogo don kada ƙafafun su zame. Ba ya kuma tashi sai ƙofa ta rufu. Zuwa 1930 an ƙera fiye da 6,000.

Tun 1907 kamfanin Denver and Interurban ya shimfiɗa layin tarago a Fort Collins, amma a 1918 ya durƙushe. Mutanen garin suka ƙi zama haka. A 1919 suka kaɗa ƙuri'a cewa hukumar gari ta sayi layin, aka kuma yi odar Birney guda 4 daga kamfanin American Car Company na St. Louis. Mai lamba 21 yana cikinsu. Senti 5 ne kuɗin shiga, kuma haka ya tsaya har ranar 30 ga Yuni, 1951, da aka rufe layin saboda asara. Fort Collins ne gari na ƙarshe a Amurka da ya yi zirga-zirgar yau da kullum da Birney.

Sauran taragun suka watsu. Mai lamba 21 aka ajiye shi a filin gidan tarihin garin, ya shafe fiye da shekara 20 yana shan rana da ƙanƙara, katako ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa. A 1977 aka fara gyaransa. Da aiki ya yi nisa, masu gyaran suka ga cewa fenti kawai ba zai wadatar ba, so suke ya sake tafiya. Wannan niyya ce ta haifi ƙungiyar a 1980.

Gyaran taragon rabin aiki ne, domin an daɗe da tone dogon. Dole suka sake shimfiɗa shi a tsakiyar titin Mountain Avenue, suka kafa turaku, suka ja wayar lantarki ta sama. Wasu mazauna titin ba su so ba, har magana ta kai kotu. Mai haƙuri yakan dafa dutse: a Disamba 1984 taragon ya sake ɗaukar fasinja. A hankali layin ya kai kilomita 2.4, daga City Park zuwa bakin tsakiyar gari. Daga baya ƙungiyar ta dawo da ɗan'uwansa mai lamba 25, shi ma bayan dogon gyara ya koma aiki.

Yanzu daga Mayu zuwa Satumba, a ranakun Asabar da Lahadi, 'yan ƙungiyar ne ke tuƙi, su ne ke karɓar kuɗi, su ne makanikai, babu mai albashi a cikinsu. Kayan tarihin da aka ajiye don kallo kawai lalacewa yake yi. Wanda aka bari yana aiki shi yake samun masu koyon gyaransa. Duk garin da ke da tsohon injin jirgi a yashe, ya kamata ya ɗauki darasi daga Fort Collins.