Kunyar Ɗan Fari a Ƙasar Ƙanƙara

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har gobe akwai tsofaffin matan da ba sa kiran sunan ɗansu na fari. Sai dai su ce "yaron nan" ko "wane". Tun kaka da kakanni, mai cikin fari kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego na kwana 40. Da an yaye yaron, sai kaka ko goggo ta ɗauke shi riƙo. Uwar za ta tuƙa tuwo ta aika masa ta hannun ƙanwarta, amma a gaban mutane ko kallonsa ba za ta yi ba. Baba ta Karo, wadda littafin tarihin rayuwarta ya fito a 1954, ta ba da labarin irin wannan alkunya a ƙasar Zazzau, maƙwabciyarsu. Baƙo zai ɗauka rashin so ne, alhali kawaici ne mai nauyin gaske.

Boko da zaman birni sun sassauta al'adar, rashin tsaro kuma ya zo ya girgiza ta. Daren 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan ɗalibai daji. Iyaye suka yi ta sintiri a harabar makarantar, ba ci ba barci. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344, washegari aka kai su Katsina. Can iyaye mata suka rungume 'ya'yansu a bainar jama'a, suna kuka suna hamdala.