Koren Ƙuda Da Tarihin Cuta A Bakin Iyaka

Duk wanda ya shiga karar Illela ran Lahadi, ko ya gilma ta wajen mahauta, ya san koren ƙudan nan mai ƙyalli da ke dafifi a kan tumbi da jini. Mun saba ganinsa har mun daina ɗaukarsa a bakin komai. To, amma yana da tarihi, kuma tarihin ya shafi rayukanmu.

Tun Turawan Ingila da Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, Birnin Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Illela ta zauna wannan ɓangare. Shanu da fatake da 'yan uwa ba su daina ƙetarawa ba, haka nan cuta.

A can Amurka, a 1898, zazzaɓin taifot ya kashe sojoji masu yawa a sansaninsu. Likita Walter Reed da abokansa suka ga ƙudaje da farin garin da ake zubawa a masai manne a ƙafafunsu, suna tafiya a kan abincin sojoji. Daga nan aka tabbatar ƙuda ɗan aiken cuta ne. Koren ƙuda yakan yi ƙwai a masai da mushe, ya kwaso ƙwayoyin gudawa da na funfuna a gashin ƙafarsa, ya yi amai da kashi a kan nama ko fura. Bincike a Gambiya a 2012 ya sami irin waɗannan ƙwayoyi a jikinsa.

Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta sake ɓarna a 1991, kuma a 2021 ta taɓa Sakkwato da yankin Tawa a lokaci guda. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyarta, ƙuda kuwa ɗan rakiya ne.

Iyayenmu sun ga zamanin duba-gari, wanda kan leƙa randa da masai. A 1985 gwamnatin soja ta sa tsabtace muhalli cikin yaƙi da rashin ɗa'a. Duk sun wuce, ƙuda yana nan. Murfi a bakin masai, raga a kan teburin mahauci, da binne mushe tun bai kumbura ba, su ne abin da tarihin nan ya bar mana, a Illela da Ƙonni baki ɗaya.