Romon Hanoi da Tuwon Tashar Ƙaura

A wata tafiyar aiki da na yi zuwa Kuala Lumpur, ruwan sama ya tsare ni da daddare a bakin wani ƙaramin gidan abinci na 'yan Biyetnam. Da na ga shaidar halal manne a ƙofa, sai na shiga. Aka ajiye mini kwano mai zurfi: romon ƙashin sa garai-garai, taliyar shinkafa fara a kwance cikinsa, yankan nama siri-siri a sama, ga ganyaye da lemun tsami da barkono a gefe. Sunansa pho, furucinsa kuwa ya fi kusa da "fa". Ƙanshin citta da kanumfari da ya buge ni ya mayar da ni tashar motar Ƙauran Namoda, inda muke yada zango muna yara a hanyarmu ta zuwa Shinkafi, a sayo mana tuwo da romo kafin mota ta cika.

Tun daga ranar na riƙa bin tarihin wannan romo, kuma abin da na fahimta ya shafe mu. Abincin da ake dafa wa baƙo yana da tarihi daban da na tukunyar gida. Hanya ce ke haifarsa, kuma idan hanya ta mutu yakan bi ta, sai fa in an sami masu ɗaukarsa su tsere da shi.

Pho bai tsufa ba kamar yadda sunansa a duniya zai sa a zata. Ya bayyana ne a farkon ƙarni na 20 a arewacin Biyetnam, tsakanin Nam Dinh da Hanoi, a zamanin mulkin mallakar Faransa. Kafin nan manoman ƙasar ba su faye yanka shanu ba, domin dabbobin huɗa ne. Faransawa suka zo da son naman sa, mahauta suka ƙaru, ƙashi da tarkacen nama suka yi arha. Masu talla suka haɗa wannan ƙashi da taliyar shinkafa da aka riga aka sani, suna tafasa shi sa'o'i da gasasshiyar albasa da citta da kirfa, da tsimin kifi da ke yi musu aikin da daddawa ke yi mana. Suna saɓa tukunya da murhu a kan sanda suna zagaya unguwanni. Masu sayensa leburori ne da 'yan dako da ma'aikatan masaƙar Nam Dinh, mutanen da suka baro ƙauyukansu, ba su da mai dafa musu.

Abu biyu suka fitar da shi daga inda aka haife shi, kuma duka biyun masifa ne. A 1954, bayan an ci Faransa da yaƙi a Dien Bien Phu, yarjejeniyar Jeniba ta raba ƙasar gida biyu, mutane fiye da 800,000 suka yi ƙaura daga arewa zuwa kudu. Suka isa Saigon da romonsu, can ya ƙara zaƙi, aka cika shi da ganyaye da tsiron wake. Sai kuma faɗuwar Saigon a Afrilun 1975, wadda ta watsa 'yan gudun hijira zuwa Amurka da Faransa da Ostareliya. Da yawansu ba su fito da komai ba sai abin da suka iya da hannunsu. Gidajen pho na Kalifoniya da na unguwa ta 13 a birnin Faris daga nan suka samo asali.

Mu dawo gida. Yankin da Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi suke ya daɗe yana kan turbar matafiya. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, yaƙin da Muhammadu Namoda na Fulanin Alibawa ya taka rawa a cikinsa, hanyar da ta haɗa Kano da Katsina da Sakkwato ta ratsa ta wannan ƙasa. Hugh Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824, Heinrich Barth ya bi ta can a 1853. Amma waɗannan baƙi biyu ɗigo ne a cikin ayarin fatake da ba a rubuta sunayensu ba.

Farke yana da tsarin cinsa. Akwai guzuri, wato abin da ba ya lalacewa a mangala: kilishi, gumba, dakuwa, garin gero da za a dama a bakin rijiya. Akwai kuma abin da zai tarar a zango, inda matan gari ke fitowa da fura da nono da tuwo mai zafi idan ayari ya sauka. Dubi kilishi da kyau za ka ga dabarar tafiya ce tsantsa: an feɗe nama siriri, an shanya, an tsoma a tunkuza da yaji, an gasa, domin ya yi makonni bai ruɓe ba. Sana'ar dafa wa baƙo ta ba mata da yawa jarin kansu, har da waɗanda ke cikin kulle, masu aika yara da talla.

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda, a nan kuma ya tsaya. Ƙarshen layi ba ƙaramin matsayi ba ne. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Isa suka riƙa taruwa a nan kafin a loda su zuwa bakin teku. Inda kaya suka taru kuwa mutane na taruwa: 'yan dako, masu jakuna da raƙuma, dillalai, akawuna, ma'aikatan jirgi 'yan kudu da suka zauna a Sabon Gari, daga baya kuma direbobin manyan motoci. Irin mutanen da suka raya pho a Nam Dinh ke nan, masu ɗan kuɗi a aljihu da yunwa a ciki, nesa da tukunyar gida.

Abin da Turawan Ingila suka so a wajenmu gyaɗa ce, kamar yadda Faransawa suka so naman sa a Hanoi, kuma a nan ma abin da ya yawaita a kasuwa shi ya cika kwanon talaka. Gyaɗar da aka faɗaɗa nomanta domin turawa waje ta wadata mata da mai da tunkuza, ƙuli-ƙuli da ƙosai da tsire suka zama abincin bakin tasha. Jirgin da ya tafi da gyaɗa ya dawo da garin rogo da manja da fulawa da sukari. Burodi da shayi, da yau muke ɗauka kamar da su aka halicci tashar mota, baƙi ne da suka shigo ta irin wannan hanya.

Mu ma muna da taliyarmu. Akwai ta murji da mata ke yi da hannu, wadda ake yawan danganta sunanta da Italiya da kuma zuwanta da Larabawan Tarabulus. Sannan ga Indomie, 'yar asalin Indunusiya, da ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka fara sarrafa ta a Ota a tsakiyar shekarun 1990. Ba a daɗe ba ta hau teburin mai shayi. Yau ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, yana cin taliyar Asiya da ƙwai da attaruhu da tsakar dare, bai kuma ɗauke ta baƙuwa ba.

Inda labaran biyu suka rabu shi ne abin damuwa. 'Yan Biyetnam sun bi diddigin romonsu. Sun san ƙauyen Van Cu da zuriyar da ta shahara da dafa shi. Sun ware masa ranar 12 ga Disamba, kuma a 2024 gwamnatinsu ta sanya pho na Hanoi da na Nam Dinh cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Mu kuwa mun rubuta tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe da harajin gyaɗa, muka bar matan da suka ciyar da masu ɗaukar gyaɗar.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Jirgin Ƙaura ya daɗe da rasa ƙarfinsa na dā. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya sun zama abin fargaba saboda 'yan bindiga. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Idan aka ce kasuwar Alhamis ta Shinkafi ba ta ci ba, mukan lissafa asarar masu shanu da hatsi. Ba mu cika tuna mai tuwon da ta jiƙa masara tun Laraba ba, ko mai furar da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta da cinikin ranar. Motar da ba ta tsayawa a hanya don tsoro ba ta sayen abincin kowa.

Da yawa daga cikin waɗannan mata yanzu suna Gusau da Katsina da Sakkwato da ƙauyukan jihar Maraɗi, sun kafa murhu a bakin wata tashar. Kamar matan Hanoi a Saigon a 1954, hannunsu ne kaɗai dukiyar da ba a ƙwace ba. Wanda ke da mahaifiya ko gwaggo da ta taɓa sayar da abinci a tashar jirgin Ƙaura, ya zauna da ita tun tana da rai. Ya tambaye ta me take dafawa, su wa ke saye, nawa ne kwano, yaushe ta fara ganin burodi, wace shekara ciniki ya karye. Ya rubuta, da sunan unguwa da sunan miya.