Limancin Kirista a harkar wasanni

Limancin Kirista a harkar wasanni aiki ne da fasto, ko fada, ko wani mai hidima da coci ta amince da shi, yake yi a tsakanin 'yan wasa, masu horarwa da sauran ma'aikatan ƙungiya. Limamin yakan jagoranci addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki ga masu so, ya ziyarci wanda ya ji rauni, ya kuma saurari damuwar ɗan wasa a asirce. Tsarin ya yi kama da limancin da ake yi a barikin soja, asibiti da gidan yari. A yawancin ƙungiyoyi aikin sa kai ne, kuma limamin ba shi da ta cewa a zaɓen waɗanda za su buga wasa.

Asali

A tsakiyar ƙarni na 19 wata fahimta ta yaɗu a Ingila cewa ƙarfin jiki da tarbiyyar Kirista tare suke tafiya. Marubuta irin su Charles Kingsley da Thomas Hughes ne suka fi yayata ta. Coci-coci suka riƙa kafa ƙungiyoyin ƙwallo don janye samari daga mashaya da zaman banza, kuma wasu manyan kulob na yau daga nan suka fito: Aston Villa a 1874, Everton a 1878, da kulob ɗin cocin St. Mark da ya fara wasa a 1880, wanda daga baya ya zama Manchester City. A Glasgow wani ɗan ɗarikar Katolika, Brother Walfrid, ya kafa Celtic a 1887 domin tara kuɗin ciyar da matalauta.

Ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA, wadda George Williams ya kafa a Landan a 1844, ita ma ta bar tarihi. A makarantarta da ke Springfield a Amurka James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891, bayan shekara huɗu kuma William G. Morgan ya ƙirƙiro ƙwallon raga a reshenta na Holyoke. Labarin da aka fi tunawa daga wancan zamani shi ne na Eric Liddell, ɗan tseren Scotland, wanda ya ƙi shiga tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Paris a 1924 saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya ci zinare a mita 400, ya tafi aikin mishan a China, ya rasu a sansanin tsare mutane na sojojin Japan a 1945.

Ƙungiyoyin zamani

Tsararren limanci ya kankama ne bayan yaƙin duniya na biyu. A Amurka Don McClanen ya kafa Fellowship of Christian Athletes a 1954, Dave Hannah ya kafa Athletes in Action a 1966, sai Baseball Chapel a 1973, wadda ke shirya gajeriyar sujada ga 'yan wasan da jadawali ya hana su zuwa coci ranar Lahadi. A Ingila fasto John Boyers na ɗarikar Baftis ya fara aiki da kulob ɗin Watford a 1977. Ya kafa SCORE a 1991, wadda yanzu ake kira Sports Chaplaincy UK, ya kuma zama limamin Manchester United daga 1992. A Brazil 'yan ƙwallo da kansu, ciki har da mai tsaron gida João Leite, suka kafa Atletas de Cristo a shekarun 1980.

Akwai bambanci tsakanin salon Amurka da na Birtaniya. Na farko ya fi karkata ga wa'azi da amfani da sunan shahararren ɗan wasa wajen kiran jama'a. Na biyu ya fi ba da ƙarfi ga kulawa da kowa a kulob, mai addini da marar addini, har da masu gyaran fili. A manyan gasa kamar Olamfik ana ware cibiyar ibada a ƙauyen 'yan wasa, inda limaman Kirista ke aiki kafaɗa da kafaɗa da na Musulmi, Yahudawa, Hindu da Buda.

Abin da aikin ya ƙunsa

Mai kallo addu'ar kafin wasa kawai yake gani, alhali ita ce mafi ƙanƙantar aikin. Rayuwar ɗan wasa gajeriya ce kuma cike da fargaba. Rauni guda a gwiwa na iya kawo ƙarshen sana'arsa, kwantiragi na iya ƙarewa ba a sabunta ba, yaron da aka raina a makarantar horo tun yana ƙarami ana iya sallamarsa yana ɗan shekara 18. Da wuya irin wannan ɗan wasa ya gaya wa koci cewa caca ta cinye masa albashi ko aurensa na tangal-tangal, don yana tsoron a ajiye shi a benci. Amfanin limamin yana cikin cewa ba shi ke biyan albashi ba, ba shi ke fitar da sunayen 'yan wasa ba. Shi ne kuma ake nema idan an yi rasuwa, ko ɗaurin aure, ko bikin tunawa da magoya bayan da suka mutu.

A Najeriya

Ƙwallon ƙafa ta shigo Najeriya ta hannun Turawan mulki, 'yan kasuwa da makarantun mishan. Ana yawan ambaton wasan da aka yi a Kalaba a 1904 tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan jirgin ruwan yaƙi na HMS Thistle a matsayin wasan farko da aka rubuta. A arewa, inda gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, makarantun Kirista sun fi yawa a wurare irin su Wusasa da Gindiri da unguwannin Sabon Gari. Mishan ɗin SIM, wanda cocin ECWA ta fito daga cikinsa a 1954, ya taɓa samun tasha a Roni cikin masarautar Kazaure.

A ƙungiyoyin Najeriya 'yan wasa ne da kansu suka fi ɗaukar nauyin ibada. A Super Eagles an saba ganin su sun yi da'ira, Kirista ya yi addu'a, Musulmi ya yi tasa, a kuma rera waƙoƙin yabo a cikin mota kan hanyar filin wasa. Kulob ɗin arewa irin su Kano Pillars, Katsina United da Jigawa Golden Stars suna ɗaukar 'yan wasa Kiristoci daga kudu da tsakiyar ƙasa, waɗanda kan dogara ga cocin garin da suke zaune. Mutuwar Samuel Okwaraji a filin wasa na Surulere ranar 12 ga Agusta, 1989, da ta Chineme Martins na Nasarawa United a wasansu da Katsina United a Lafiya cikin Maris 2020, suna daga cikin lokutan da abokan wasa suka fi buƙatar mai rarrashi.

Wasu 'yan wasan sun koma hidimar coci bayan ritaya. Sananne a cikinsu shi ne Taribo West, wanda ya ci zinare a Olamfik ta 1996 ya kuma buga wa Inter da AC Milan. Ya zama fasto a Legas, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi amfani da asiri a lokacin da yake wasa.

Suka da taƙaddama

Masu suka na cewa idan koci ne ya kira addu'a, ƙaramin ɗan wasa ba zai iya cewa a'a ba, ko da an ce ba dole. Wasu malaman Kirista kuma ba sa jin daɗin addu'ar neman nasara, domin tana mayar da ibada kamar laya. A 2000 Kotun Ƙolin Amurka ta hana addu'a ta lasifika kafin wasa a makarantun gwamnati, amma a 2022 ta ba koci Joseph Kennedy na Bremerton gaskiya kan addu'ar da yake yi a tsakiyar fili bayan an tashi. Dokokin ƙwallon ƙafa sun hana rubutun addini ko siyasa a kayan ɗan wasa, har da rigar ciki irin wadda Kaká ya nuna bayan wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2007.