Ƙungiyoyin Ajiya da Lamuni a Sakkwato: Gyara Kan Kamanta Su da Adashi

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a tsakanin wasu manazarta tattalin arzikin Arewa, cewa ƙungiyoyin gama-kai na ajiya da lamuni adashi ne kawai da aka yi wa rajista, kuma tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin ƙananan bankuna a 2005 zamaninsu ya wuce. Tarihin shigowarsu sananne ne, ba sai an maimaita ba. Inda muke ja shi ne wannan kamance da adashi, domin daga nan kuskuren ya yi saiwa.

A adashi, kamar yadda ake yin sa a Tsohuwar Kasuwa ko cikin gidajen Sakkwato, kowa na zubi yana jiran ranar kwasarsa, amana kuma na hannun uwar adashi. Abin da mutum ya zuba shi zai kwasa, in zagaye ya ƙare ko kwabo ba ya saura a tsakiya. Ita kuwa ƙungiya asusu take tarawa wanda ba ya watsewa. Wanda rufin ɗakinsa ya yaye da damina ba sai layi ya zo kansa ba. Zai nemi rance, sau da yawa har ninkin ajiyarsa, 'yan'uwansa na ƙungiya su tsaya masa. Mai bin bashin da wanda ake bi duk masu ƙungiyar ne, kowa da ƙuri'a ɗaya a babban taro komai yawan kuɗinsa, rarar shekara kuma gare su take komawa. Ƙaramin banki ba ya iya maye wannan gurbi, tunda ribarsa ta masu hannun jari ce.

Sai dai mai wancan ra'ayi yana da hujjar da ta fi wannan nauyi, musamman a birnin Shehu, inda ba a wasa da zancen riba. Cewa yake, muddin ƙungiya na ɗora kuɗin ruwa kan rance, raba rarar ga membobi a ƙarshen shekara ba ya wanke ta, don bashin da ya jawo ƙari haramun ne ko aljihun wa ƙarin ya shiga. A nan da gaskiyarsa, kuma masu kare ƙungiyoyin sun daɗe suna kewaye wannan batu. Amma da alama ya ɗauki kuɗin ruwa a matsayin ginshiƙi, alhali ginshiƙin da Raiffeisen ya kafa irin waɗannan ƙungiyoyi a kai a Jamus a ƙarni na 19 shi ne sanin juna da tsaya wa juna. Ƙungiya na iya sayen babur, ko buhun shinkafa gab da azumi, ko ragon layya, ta mallake shi tukuna, sannan ta sayar wa memba kan farashin da aka yanke, ya riƙa biya wata-wata. Murabaha ke nan, wadda bankin Jaiz ke aiki da ita tun 2012, kuma ba mu ga abin da zai hana ƙungiya bin ta ba.

Ya kamata dai a taƙaita iƙirarin zuwa inda hujja ta kai. Tsarin ya fi tsayawa da ƙafarsa a wurin masu albashi, irin ma'aikatan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na sakatariya, inda ake cire zubi da biyan bashi tun kafin kuɗi su shiga hannu. Ajiyar ƙungiya kuma ba ta cikin inshorar hukumar NDIC, saboda haka in ma'aji ya ci amana, ko masu kasa biyan bashi suka yi yawa, membobi ne ke kwana ciki. Manomin albasa a Wurno, wanda kuɗinsa ke zuwa bayan girbi, zubin wata-wata bai dace da shi ba sai an sauya masa lokacin biya.